Me Ke Riƙe Gida? Nazari a Kan Iyali da Renon 'Ya'ya a Cikin Alhaki Kuykuyo Ne

Gabatarwa

A wata muhawara da ƙungiyarmu ta shirya a zangon karatun da ya wuce, wani ɗan'uwa ɗalibi ya miƙe ya ce wai littattafan da matan Kano suka riƙa rubutawa tun daga shekarun 1980 ba su cancanci a kawo su gaban malamai ba, domin a cewarsa ba abin da ke cikinsu sai kishi da saki da kukan mata. Aka yi masa tafi. Ni kuwa da na koma ɗaki sai maganar ta tsaya mini a rai, don kuwa kishi da saki da kukan mata su ne abubuwan da da yawa daga cikinmu muka tashi muna gani, in ba a gidajenmu ba to a gidajen maƙwabta, kuma su ne suka yanke wa wasu abokan wasanmu karatu tun suna firamare. In har adabi madubi ne, kamar yadda ake koya mana tun ajin farko, to bai kamata mu ji haushinsa don ya hasko mana tsakar gida ba.

Saboda haka na ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan littattafai, watau Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, domin in duba shi da tambaya guda ɗaya tak: a ganin wannan littafi, me ke sa iyalin da ke renon 'ya'ya su zauna lafiya, me kuma ke hana su? A kan hanya zan waiwayi tsofaffin littattafai biyu da kowa ya sani, Jiki Magayi da Shaihu Umar, don mu ga ko tambayar sabuwa ce a adabinmu. Malamaina su yi mini afuwa, ba zan jero jigo da zubi da tsari da salo ɗaya bayan ɗaya kamar yadda muke yi a ɗakin jarrabawa ba.

Marubuciyar dai ba baƙuwa ba ce. Bakanuwa ce, ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed, kuma ita da bakinta ta sha faɗin cewa an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya ƙarama, auren bai daɗe ba ya mutu, sai daga baya ta koma neman ilmi a ajin manya. Ta kasance cikin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama a Kano. Shi kuwa wannan littafi nata, Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga fassarar a 2012. Na kawo wannan ne don ɗan'uwana mai muhawara ya san cewa abin da ya rena a Kano ana karanta shi a wasu ƙasashe.

Gidan Alhaji Abdu

Labarin a taƙaice shi ne: Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne a Kano, yana da shago, yana da mota, yana da mata ɗaya, Rabi, wadda ta haifa masa 'ya'ya tara. Ba ya ba ta abin da zai ishe su ci, hankalinsa da kuɗinsa suna waje. Ana nan sai ya auro Delu, wadda ta daɗe tana zaman kanta. Rikici ya ɓarke tsakanin uwargida da amarya, Alhaji ya goyi bayan amarya, ya saki Rabi, ya kore ta ita da 'ya'yan gaba ɗaya. Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe 'ya'yanta. Babbar 'yarta, Saudatu, ta auri wani attajiri, Alhaji Abubakar, wanda ya ɗauke wa gidan nauyi mai yawa. A ɗaya gefen kuwa gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu a kasuwa, Delu ta ci amanarsa, zamansu ya ƙare, ya dawo hannu rabbana yana neman Rabi ta komo. Ba da son ranta ba, aka taru aka matsa mata har ta yarda.

Yawancin waɗanda na ji suna hira a kan littafin nan, musamman 'yan'uwa mata, Delu suke tsine wa. Lalle kam marubuciya ba ta bar wa Delu wata ƙofar da za a tausaya mata ba. Amma wanda ya karanta da natsuwa zai lura da wani abu game da yadda aka jera labarin: tun kafin Delu ta sa ƙafa a gidan, an riga an nuna mana gidan a rushe. Da kukan cefane aka buɗe labarin. Watau dai Delu ta tarar da bango ya tsage ne, ta sami wurin shiga. A nawa ra'ayi wannan jeri shi ne mafi girman fasahar littafin, kuma shi ne abin da ya raba shi da tarin labaran kishi da suka biyo bayansa, inda ake nuna gida yana zaune lafiya lau sai muguwar kishiya ta zo ta wargaza shi.

To, mu tsaya a kan cefanen nan, don a nan maganar take. Alhaji Abdu ba matalauci ba ne. Da talaka ne da sai mu ce babu ce ta hana shi, mu tausaya wa kowa, mu rufe littafi. Marubuciya ta toshe mana wannan hanya da gangan. Ta ba shi shago da mota da laƙabin Alhaji, sa'an nan ta nuna mana tukunyar gidansa. Abin da take so mu gane shi ne dukiyar mai gida daban, abin da ke isa bakin yara daban, kuma tsakanin biyun nan akwai wata 'yar gajeriyar tafiya, daga aljihunsa zuwa hannun matarsa kowace safiya, wadda a kanta lafiyar mutum goma ta rataya. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san wannan lokaci: mai gida ya gama karin kumallo, ya sa hula, ya tsaya a bakin ƙofa, uwa tana jira, yara sun yi tsit suna sauraro. Yaro ɗan shekara bakwai ya san bambancin ranar da aka miƙa kuɗin da fara'a da ranar da aka jefo su da faɗa, ya kuma san ranar da aka fice ba a ce komai ba. Tun daga nan yake koyon ko shi abin so ne a gidan ko kuwa kaya ne.

'Yan'uwanmu na sashen tattalin arziki sukan ƙirga gida kamar asusu ɗaya ne, su ce gidan wane yana samun kaza a wata. Da irin wannan lissafi gidan Alhaji Abdu zai faɗa cikin masu hali. Amma gidan Bahaushe bai taɓa zama asusu ɗaya ba. Miji da nasa, mata da nata, kuma shari'a ma ta tabbatar wa mace dukiyarta. Littafin ya fi lissafin nan gaskiya, domin ya bi kuɗin ya ga inda suka nufa. Kada kuma mu manta da lokacin da ya fito. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo. Matan da suka sayi littafin nan a 1990 sun san abin da ake nufi da kuɗin cefanen da ba ya kai wa la'asar, ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Abin da shari'a ta ce da abin da al'ada ta yi

Akwai wani wuri a labarin da ban taɓa jin an tsaya a kansa ba, alhali kuwa ya cancanci a tsaya: korar Rabi tare da 'ya'ya. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zauren malaminsa ya san hukuncin mazhabar Malikiyya. Ci da sha da tufafi da muhalli wajibi ne a kan miji, ko da matar ta fi shi kuɗi. In saki ya auku, mace ta yi iddarta a ɗakinta. Riƙon 'ya'ya kuma na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta, ciyar da su kuwa yana nan a wuyan uba. Al'adarmu kuwa sau da yawa takan juya abin: mace ta kwashe kayanta ta tafi gidan iyayenta ran da aka sake ta, uba ya riƙe 'ya'ya, sai na goye kawai a bar mata har ta yaye. Ko wace hanya aka bi daga cikin biyun nan, akwai wanda ya ɗauki nauyin yaran. Shi Alhaji Abdu bai bi shari'a ba, bai bi al'ada ba. Ya bar wa uwa riƙo kamar yadda shari'a ta ce, ya ƙi ciyarwa, watau ya tsinci abin da ya yi masa daɗi daga kowane gefe ya zubar da saura. Irin wannan uba ya yi yawa a garuruwanmu, kuma ban san wani littafin Hausa da ya riga wannan zana shi sosai haka ba.

Shekara ashirin da bakwai bayan fitowar littafin, watau a 2017, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya fito fili ya yi magana a kan bukatar dokar iyali da za ta hana wanda ba shi da halin riƙo ƙara aure, aka yi ta ka-ce-na-ce a gari. Kafin nan, a 2012, gwamnatin Kano ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hukumar Hisba. Duka biyun ƙoƙari ne na magance ciwon da littafin ya nuna. Sai dai mai karatu zai lura, da an gwada Alhaji Abdu da ma'aunin hali, da ya ci jarrabawa da kyau. Hali yana da shi. Abin da ya rasa ba a ganinsa a takardar banki.

Me ya riƙe Rabi?

Abu uku na gani, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Na farko, wanda ya fi sauran nesa ba kusa ba, sana'arta. A nan marubuciya ta tsaya a kan gaskiyar da masu bincike suka daɗe da gani. Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960 ta rubuta a kan cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gidajensu, Enid Schildkrout kuma ta yi irin wannan bincike a birnin Kano a shekarun 1970. Mu ba ma bukatar Baturiya ta gaya mana, don da yawanmu kuɗin ƙuli-ƙuli da ƙosai da kitso da adashi ne suka sayo mana littafin rubutu na farko. Abin da littafin ya ƙara a kan wannan sani shi ne ya nuna abin da sana'a ke yi wa zuciyar mace, ba tukunyarta kaɗai ba. Rabin da muka fara gani mace ce mai jira, ranarta duka tana hannun fuskar da mijinta ya tashi da ita. Rabin da ke sayar da abinci tana da gajiya, amma ta san abin da za ta dafa gobe. Abin mamaki, kuma abin da ya kamata ya dame mu mu maza, shi ne yaran sun fi samun kwanciyar hankali bayan an kore su daga gaban ubansu fiye da sa'ad da suke gabansa. Marubuciya ba ta hau mumbari ta faɗi wannan ba, ta bar mu mu gani da kanmu, kuma ta kyauta da ta yi haka.

Sai dai sana'ar uwa tana da nata kuɗin fansa, kuma galibi 'ya'ya mata ke biya. Binciken Schildkrout ɗin nan ya nuna cewa cinikin matar da ba ta fita a kan ƙafafun yara yake tafiya: su ne 'yan aike, su ne masu talla. Yarinyar da ke ɗauke da faranti da hantsi ba ta cikin aji. Mai karatun da ya san wannan zai so a ce marubuciya ta daɗe a nan fiye da yadda ta yi, ta nuna mana wane ne a cikin taran nan ya biya kuɗin tsirar sauran.

Na biyu, dangi. Rabi ba ta faɗi ƙasa warwas ba domin akwai hannayen da suka tare ta, musamman 'yar'uwarta Tasidi. Wannan a fili yake, ba sai na ja shi ba. Abin lura kawai shi ne zumuncin da ya tare ta a farko shi ne ya danne ta a ƙarshe, kamar yadda za mu gani.

Na uku, tarbiyya da kamun kan 'ya'yan, wanda Saudatu ke wakilta. A nan ne ni da marubuciya muka fara rabuwa.

Waiwaye

Kafin in faɗi inda muka rabu, bari mu leƙa baya. A tsakiyar shekarun 1930, sa'ad da Hukumar Fassara ta Zariya a ƙarƙashin Rupert East ta fito da ƙagaggun labarai na farko, biyu daga cikinsu sun taɓo wannan magana.

A Jiki Magayi, na John Tafida da shi East ɗin, Malam Shaihu attajiri ne a Galma, yana da komai sai ɗa. Da ƙarfin dukiyarsa ya raba Zainabu da masoyinta Abubakar, ta haifa masa Kyauta. Abubakar ya shiga duniya neman abin ramuwa, ya samo, ya yi wa yaron sammu, yaro ya tashi ɓarawo, har ƙarshe ya kashe ubansa da hannunsa bai san shi ba ne. A makaranta an koya mana cewa jigon shi ne ramuwar gayya, kuma haka ne. Amma in muka cire bokan daga labarin muka dubi abin da ya rage, za mu ga gida ne da aka kafa a kan ƙwace, da uwar da aka ɗauko don ta haihu, da yaron da aka nema don ya gaji dukiya. Sammun ya sauƙaƙa wa marubutan aiki ƙwarai, ya hana su tambayar ko yaron da ya tashi a irin wannan gida yana bukatar boka kafin ya lalace. Duk da haka sun yarda da abu ɗaya da Hajiya Balaraba: arzikin uba bai tsare ɗa daga komai ba.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zo da akasin haka. Ga yaro wanda ya rasa uba, aka kori mijin uwarsa Makau daga gari saboda sharrin fadawa, aka sace shi, aka kai shi Kano, Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi ƙasar Masar. Duk abin da ake cewa yana lalata yaro ya same shi, amma ya tashi malami, natsattse, abin koyi. Dalili kuwa, kusan duk hannun da ya faɗa ciki ya riƙe shi kamar ɗa, aka kuma ba shi ilmi. Littafin yana gaya mana cewa riƙo na gari yana iya maye gurbin jini, abin da al'adarmu ta riƙon 'ya'yan dangi ta daɗe da yarda da shi. Amma dubi abin da ya sami uwar. Ta bar komai ta bi sawun ɗanta, aka yaudare ta aka sayar da ita baiwa, ta ƙetare hamada, ta gan shi a Tarabulus, ta rasu. Labarin na Shaihu ne, shi ke ba da shi ga almajiransa, wahalar uwar kuwa wani reshe ne a cikinsa. Sai da aka yi shekara hamsin da 'yan kai kafin a sami wadda za ta ɗauko irin wannan uwa ta sa ta a tsakiyar littafi, ta ce labarin nata ne. In ba don komai ba, don wannan kaɗai Alhaki Kuykuyo Ne ya cancanci kujera a ajinmu.

Inda littafin ya gaza

Na ce mun rabu a kan Saudatu. An zana ta yarinya mai kunya da ladabi da addini, ba ta da aibi ko ɗaya, sakamakonta kuwa shi ne attajiri ya gan ta ya aura, daga nan wahalar gidan ta ƙare. Tambayata ita ce: da Saudatu ba kyakkyawa ba ce fa? Da Alhaji Abubakar bai biyo ta wannan hanya ba fa? Marubuciya ta ɗauki shafuka tana gina mana Rabi mai tsayawa da ƙafafunta, sa'an nan ta kawo wani Alhajin ya gyara ɓarnar da Alhajin farko ya yi. Watau gidan ya fita daga aljihun namiji ɗaya ya koma aljihun wani, sa'a kawai aka yi na biyun mai kirki ne. Shi kansa Alhaji Abubakar ɗin yana da tarihin aure da rabuwa kafin Saudatu, kuma labarin ya karɓi nasa bayanin cewa laifin matan ne, bai bincike shi kamar yadda ya bincike Alhaji Abdu ba. Abin ya fi ba ni mamaki da yake alƙalamin nan ne ya rubuta Wa Zai Auri Jahila?, inda yarinyar da aka yi wa auren dole ta ceci kanta ta hanyar ilmi. A can an ba 'ya mace makaranta, a nan an ba ta miji. Yarinyar sakandare da ke karanta littafin nan a ɓoye a ɗakin kwana, wane darasi za ta ɗauka game da hanyar fitar da uwarta daga wahala?

Na biyu, gobara. Sunan littafin karin magana ne (an rubuta kuykuyo, mu a aji kwikwiyo aka koya mana, amma wannan ƙaramin abu ne a littattafan da marubutansu suka buga da kuɗin aljihunsu ba tare da mai tacewa ba), kuma gobarar ita ce cikar karin maganar. Mai karatu yana jin daɗi, ni ma na ji. Amma wutar kasuwa ba ta zaɓen shago. Ran da ta cinye na Alhaji Abdu ta cinye na maƙwabtansa, a cikinsu kuwa akwai masu kai cefane gida tun da asuba. Su alhakin wa ya bi su? Sa'an nan ga Alhaji Abdu nawa a gari waɗanda shagonsu bai taɓa ƙonewa ba, suna nan suna ƙara ƙiba, 'ya'yansu na yawo. Gobara ta yi wa labarin abin da sammu ya yi wa Jiki Magayi: ta kawo hukunci daga waje, ta ɗauke wa mutanen cikin labarin nauyin yin wani abu. Ina liman, ina mai unguwa, ina alƙali, ina abokan kasuwarsa sa'ad da mutum ya watsar da 'ya'ya tara? Littafin ya nuna al'ummar da ba ta iya tilasta wa uba ya ciyar, har sai da wuta ta yi mata aikin.

Na uku, su yaran kansu. Tara ne, amma in ka rufe littafin Saudatu ce kawai za ta tsaya maka a ido sosai. Sauran sun fi kama da adadi, nauyin da aka ɗora wa Rabi don mu ga ƙarfinta. Harshen marubuciya yana da rai ƙwarai a bakin manyan mata: habaici da gatse da baƙar magana irin ta tsakar gidan Kano, har kana jin kamar kana leƙe ta katanga. Da ta ara wa ɗaya daga cikin ƙananan yaran wannan kunne nata, ta bar mu mu ji yadda daren korar ya kasance a wurinsa, da littafin ya tashi daga mai kyau ya koma wanda ba a mantawa. Wannan rashi ba nata ba ne ita kaɗai. Adabinmu gaba ɗaya yana magana a kan yara, da wuya ya bar su su yi magana.

Komen Rabi

Ƙarshen littafin ya raba kan masu karatu. Wasu na cewa marubuciya ta ji tsoro ne, ta mayar da Rabi don kada a ce tana zuga mata su ƙi aure. Da farko ni ma haka na ɗauka. Da na sake karantawa sai na canza ra'ayi, don ba a rubuta komen nan da guɗa ba. An nuna Rabi ba ta so. An nuna waɗanda suka taru a kanta, har da surukin da ba ta iya yi wa musu saboda alherinsa, kuma hujjar da ake kafa mata ita ce wadda ake kafa wa kowace mace a irin wannan hali, watau ta dubi 'ya'yanta. Mutanen da ba su iya sa shi ya dubi 'ya'yansa sa'ad da yake da shago ba, su ne suka iya sa ta ta dube su sa'ad da ya rasa. Ina ganin marubuciya ta san abin da take yi sarai. Ta ba masu son a rufe labari da sulhu sulhunsu, ta kuma bar wa mai ido abin da zai gani.

Abin da zai gani kuwa shi ne, gidan da Alhaji Abdu ya komo ba shi ne wanda ya rusa ba. Yanzu Rabi ke ciyarwa, shi ke jira. Yaran sun sami ubansu, amma sun riga sun san cewa an rayu ba shi, sun kuma san abin da ya komo da shi. Ko kasancewarsa a gidan zai ƙara musu wani abu ban da rufin asiri a idon unguwa da wanda zai karɓi gaisuwar masu neman auren ƙannen Saudatu, littafin bai ce ba. A muhawararmu ta gaba ina roƙon shugabannin ƙungiya su sa wannan babi na ƙarshe a gaba, a ba ɗan'uwana mai cewa ba komai a littattafan nan dama ya fara magana, amma da sharaɗin ya karanta shi tukuna.